Mas'alar Mai Ɓoye Ƙaramar Bindiga a Jikinsa

Yau na zo muku da wata mas'ala wadda mutanen Amurka suka daɗe suna jayayya a kanta, har sun rabu gida biyu, kowane gida yana ganin wautar ɗan'uwansa. Mas'alar kuwa ita ce: mutumin da doka ta yarje masa ya ɓoye ƙaramar bindiga cikin tufafinsa ya shiga jama'a, shin ya bar harsashi a gurbinsa yana jiran taɓa kunama kaɗai, ko kuwa ya bar gurbin ba kome sai bukata ta taso? A can wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun 2013, sa'ad da jihar Ilinoi ta bi sahun sauran, babu jiha ko ɗaya cikin 50 da ba ta buɗe ƙofar halatta wannan ɗauka ba, kuma a 2022 babbar kotun ƙasar ta yanke cewa fita da bindiga domin tsaron kai haƙƙi ne na ɗan ƙasa. Yanzu fiye da rabin jihohin ba su ma neman takardar izini. Watau mutum yana tsaye a kanti yana jiran biyan kuɗi, bai san abin da ke ƙugun na gabansa ba.

Ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san siffarsa ba, saboda haka bari mu fara da ƙarfen kansa. Ƙaramar bindigar zamani, wadda ba ta juyawa irin ta libarba, tana da rumbu a cikin mariƙinta inda harsasai suke jere. A gindin bututunta kuma akwai gurbi mai ɗaukar harsashi guda. Harsashin da ke rumbu ba ya tashi, sai wanda ya hau gurbi. Abin da ke hawar da shi shi ne marfin sama: a kama shi da ɗayan hannun, a ja baya, a saki, sai ya kwaso harsashi guda ya zaunar. Wani tsohon hafsan sojan Amurka mai suna Jeff Cooper, wanda ya buɗe makarantar harbi a jihar Arizona a 1976, shi ya yaɗa lissafa waɗannan halaye da lamba. Hali na ɗaya a wurinsa shi ne harsashi a gurbi, guduma a ɗane, sakata a rufe. Hali na uku shi ne rumbu cike, gurbi ba kome. Shi kansa hali na ɗaya ya zaɓa, kuma ra'ayinsa ne ya rinjaya a makarantun harbi na ƙasar har yau.

Amma barin gurbi ba kome ba bidi'ar matsorata ba ce, kamar yadda waɗansu ke faɗi. Libarbar Colt ta 1873 tana da rami shida, amma masu hankali biyar suke ɗurawa, su kwantar da guduma a kan ramin da ba kome, domin in ta faɗi a kan gudumarta tana iya tashi. A birnin Shanghai na ƙasar Sin, sa'ad da Turawa ke riƙe da wani sashe nasa, wani Baturen Ingila mai suna William Fairbairn ya yi aikin 'yan sanda daga 1907 zuwa 1940, cikin garin da 'yan fashi suka addaba ƙwarai. Mutumin da ya ga musayar wuta ido da ido ne, duk da haka ya hori 'yan sandansa su ɗauki bindiga gurbi ba kome, su ja marfi a lokacin zarewa, har ya sa aka kashe sakatar bindigoginsu don kada ta rikita su. Shi da abokinsa Eric Sykes sun rubuta wannan a littafinsu na 1942. Isra'ila ma, bayan 1948, ta sami kanta da tarkacen bindigogi iri iri, kowace da irin sakatarta, sai ta koya wa mutanenta hanya guda da ta dace da dukansu, har yau a Amurka da sunanta ake kiran wannan ɗauka.

To, masu cewa a bar harsashi a gurbi sun amsa da cewa duk wannan hukuncin tsohon ƙarfe ne, illar kuwa ta gushe. Tun 1973 kamfanin Ruger ya sa wani ƙarfe tsakanin guduma da allura, wanda ba ya tasowa sai an ja kunama. Bindigar Glock, wadda sojan Ostiriya suka karɓa a 1982, tana da makullai uku a jikinta, waɗanda ba su buɗewa sai yatsa ya danna kunama. Sa'an nan suka kawo gwajin wani sajan ɗin 'yan sanda na jihar Yuta, Dennis Tueller, wanda ya nuna a 1983 cewa mutum mai lafiya riƙe da wuƙa yana cin tazarar ƙafa 21 cikin wajen sakan ɗaya da rabi. Ƙafa 21 yadi 7 ke nan, watau ya ɗara turmin atamfa da yadi guda kawai. Suka ce kuma jan marfi hannu biyu yake so, alhali mai yiwuwa ɗayan hannun yana riƙe da yaro, ko yana tare sara, ko an riga an raunata shi. Kuma hannun da tsoro ya kama yakan ja marfi rabi, harsashi ya sarƙe, bindiga ta zama guntun ƙarfe. Lalle waɗannan hujjoji ne masu nauyi, wanda ya raina su bai yi adalci ba.

Duk da haka ni na karkata ga gurbi ba kome, ga mutumin gari wanda yaƙi ba sana'arsa ba ne. Ga dalilina.

Na yarda an gyara ƙarfe, ko da yake ba gyara na ƙarshe ba, tun da a 2017 kamfanin SIG Sauer ya buɗe shirin gyaran bindigarsa P320 bayan an nuna tana iya tashi in ta faɗi ta wata kusurwa. Amma a bar wannan. A ce ƙarfen ba shi da aibi ko kaɗan, ba ya tashi sai an danna kunama. Wane ne ya gyara hannun ɗan Adam? Ku 'yan kasuwa ku yi lissafi da ni. Mutumin da ke rataya bindiga da safe ya sauke da dare ya taɓa ta sau 2 a yini, sau 730 a shekara, sau 14,600 cikin shekara 20, ban ƙidaya shiga kewaye da shiga mota da sauya riga ba. Cikin waɗannan dubbai akwai ranar zazzaɓi, da ranar fushi, da ranar da barci bai ishe shi ba, da ranar da bakin riga ya shige cikin kube tare da bindiga ya naɗe kunama. Wannan taɓawa yaƙini ce, kullum sai ta auku. Farmaki kuwa nadiri ne, galibin masu ɗaukar nan za su tsufa ba su zare ta a kan kowa ba. Cikin farmakin ma, wanda tsira a cikinsa ta rataya a kan ɗan lokacin jan marfi nadiri ne cikin nadiri. Malamanmu na usulu a kan galibi suke gina hukunci.

A Nuwamba 2008 wani sanannen ɗan wasan ƙwallon Amurka, Plaxico Burress, ya shiga gidan rawa a birnin Niyok da bindiga soke a ƙugun wando. Ta zame, ya kai hannu ya tare ta, ya harbe cinyarsa, daga baya kuma aka yanke masa ɗaurin shekara 2. Za su ce laifinsa ne da bai sa ta cikin kube mai ƙarfi wanda ke rufe kunama ba. Gaskiya ne. To, ga wata wadda ta kiyaye. A Disamba 2014, a jihar Aidaho, wata mata mai takardar izini ta shiga babban kanti da bindigarta cikin jakar da aka ɗinka musamman domin haka, aljihun a zuge. Ta juya kaɗan, ɗanta mai shekara 2 ya zuge aljihun, ya danna kunama, uwar ta mutu nan take. Kunamar irin waɗannan bindigogi nauyin kilo biyu da rabi ko uku ya isa ya danna ta, yaro kuwa yana iyawa da manyan yatsunsa. Jan marfi yana son ƙarfin da ya ninka haka, da riƙo irin na babba. Hukumar kula da cututtuka ta Amurka takan ƙidaya mutum wajen 500 a shekara da harbin kuskure ya kashe. Ba dukansu ne daga bindigar ƙugu ba, kuma kaɗan ne in an gwada da mutum 48,830 da bindiga ta kashe a ƙasar a 2021, amma kowane ɗaya cikinsu harsashin yana gurbi sa'ad da hannu ya kuskure.

Babban dalilina dai shi ne wannan. Kowace hanya cikin biyun tana da hasara, tambayar ita ce a kan wa hasarar take faɗawa. Mai gurbi ba kome, in zatonsa ya ɓaci, galibi shi ne zai makara, shi ne zai ji ciwo, kuma shi ya zaɓa wa kansa. Mai harsashi a gurbi, in hannunsa ya kuskure, harsashin ba ya tambayar mai shi. Yana iya samun cinyarsa, yana iya samun ɗansa, ko mai tallan da ke wucewa, ko wanda ke bayan bango, mutanen da ba a shawarce su ba, ba su ma san akwai bindiga a wurin ba. Ya sayi saurinsa da kuɗin waɗansu. Malamai sun san umurnin da aka yi wa mai ɗauke da kibau in zai ratsa kasuwa ko masallaci, cewa ya riƙe tsininsu don kada ya yanki wani. Ku duba da kyau: ba a ce ya bar kibau a gida ba, an bar masa makaminsa. Amma wanda ya dunƙule tsinin kibau a tafinsa lalle ya rage wa kansa saurin ɗana baka, kuma an ɗora masa wannan jinkiri domin lafiyar 'yan kasuwa. Ban ga abin da ya fi kama da gurbi ba kome kamar wannan ba.

Fikihunmu ma bai ɗauki kuskure abin banza ba. Almajirin da ya kai babin jini a Risala ya san cewa kisan kuskure yana wajabta diyya, raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, kuma dangin mai kisan na wajen uba ne za su biya cikin shekara 3, shi kuma ga kaffara a wuyansa, azumin wata biyu a jere ga wanda bai sami abin 'yantawa ba. Ashe yatsa guda ne ke zamewa, zuriya guda ta shiga bashi. In dangi ne za su biya, ashe suna da bakin magana a kan yadda ɗansu yake rataya makaminsa.

Sai dai akwai wata illa a hanyar da na zaɓa, wadda ta fi duk abin da masu jayayya suka ambata haɗari, ita ce sakankancewa. Wanda ya saba cewa gurbinsa ba kome yakan fara wasa da bindiga, ya nuna ta inda bai kamata ba, sai ranar da ya manta ya ɗana ta jiya. A 2004, a jihar Fulorida, wani ma'aikacin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi yana koya wa yara haɗarin bindiga, yana zaton tasa ba kome, ya harbi ƙafarsa a gabansu. Domin haka ne farkon ƙa'idodin Cooper guda huɗu ita ce a ɗauki kowace bindiga a kan tana ɗure, wannan kuwa ya hau kan gida biyun duka. Mafi munin mutane a nan shi ne mai sauyi, yau a ɗane, gobe ba kome, har shi kansa ba ya sanin halin da take ciki. Wanda ya zaɓi gurbi ba kome wajibi ne ya dawwama a kai, ya kuma maimaita zarewa da jan marfi har hannunsa ya haddace, kamar yadda Fairbairn ya hori mutanensa. In ba zai yi wannan wahala ba, to, abin da ke ƙugunsa nauyi ne kawai.

Soja da ɗan sanda kuwa ban shigar da su cikin wannan hukunci ba. Aikinsu shi ne su nufi inda mutane ke gudu, abin da yake nadiri ga ɗan kasuwa galibi ne a gare su, kuma akwai mai horonsu da mai tuhumarsu. Hukunci yakan sauya in galibi ya sauya.

Na san cikin fatakenmu akwai waɗanda halin hanyoyi ya sa suke raya wannan a zuci. To, su sani shari'ar Amurka ba ta tafe da mu. A Nijeriya dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su kashi uku. Adaka da sauran masu ɗuri ta baki, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Bindigar farauta irin ta Turawa, sai da izinin babban sufeton 'yan sanda. Libarba da ƙaramar bindiga kuwa an jera su cikin haramtattu tare da bindigogin soja, ba mai ba da izininsu sai shugaban ƙasa, kuma wanda aka kama da ita ba izini ɗaurin da dokar ta ambata bai gaza shekara 10 ba, ko akwai harsashi a gurbi ko babu.