Kaluluwar wuya: likita kamin wanzami

Idan kumburi ya fito wa yaro a wuya, a garuruwa da yawa wanzami ake fara kira. Wannan al'ada ta cancanci a sake duba ta, domin kumburin wuya ba iri ɗaya ba ne, aska kuwa ba ta bambanta su.

Mafi yawansu kaluluwa ce. Jiki ne ke yaƙi da wata cuta ta kusa: ciwon maƙogwaro, kunne mai ruwa, ruɓaɓɓen haƙori, ko ƙurajen kai. Irin wannan tana da taushi, tana zafi, tana motsi ƙarƙashin yatsa, kuma takan sace cikin mako 2 ko 3 in an magance tushenta. Hangum yakan kumbura gindin kunne, ya wuce cikin kwana 10. Maƙoƙo yana gaban wuya, yana hawa yana sauka in yaro ya haɗiye yawu. Sau da yawa rashin iyodi cikin gishiri ke kawo shi.

Abin tsoro shi ne kumburin da ba ya zafi, wanda iyaye suka fi rainawa. In ya yi tauri, ya zarce santimetir 2, wato kaurin babban yatsa, ya kai wata 1 bai ragu ba, yaro kuma yana ramewa yana zufa da dare, to, sai a yi zaton tarin fuka na kaluluwa, ko da ba ya tari. Ita wannan in aka tsaga ta, miki ba ya rufewa, sai ya yi ta zubar da ruwa watanni. Maganinta ƙwayoyi ne na wata 6. Akwai kuma kansar da likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda cikin 1958, mai kama muƙamuƙin yara a ƙasashen masassarar sauro. Girmanta cikin kwanaki ne, amma tana jin magani in an zo da wuri.

Laifin ba na iyaye kaɗai ba ne. Tun 2006 gwamnati ta yanke a duba yara ƙasa da shekara 5 kyauta, amma ma'aikacin da ya rubuta allura bai taɓa wuyan yaro ba, bai leƙa bakinsa da kunnensa ba, shi ne ke maida uwa wajen wanzami. Wajibi ne ya auna kumburin, ya rubuta girmansa a takarda, ya tambaya ko akwai mai tari a gidan, ya sa ranar dawowa. In ranar ta zo kumburi bai ragu ba, ya tura yaron babban asibitin Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai.