Wanke latas ba ya wanke ƙasa

Da zarar an taso da zancen ganyen da ake nomawa a cikin Accra, amsa ɗaya ake ji daga Nima har Maamobi: ruwan gota ne matsalar, a wanke da gishiri ko binigar, magana ta ƙare. Feshi kuwa, alamar manomi mai kula da aikinsa ake ɗaukarsa. Wannan ra'ayi ya tsaya a kan ganye, ya bar jaki yana dukan taiki. Ɓarnar tana cikin ƙasa.

Je ka lambunan Dzorwulu, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, inda masu noman da dama mutanenmu ne na Zango. Za ka ga fangalin latas da kabeji da albasa, ga mai ban ruwa da garwa biyu, ga mai injin feshi a baya, galibi ba safar hannu ba kariyar hanci. Ana cire latas yau, gobe a dasa wani. Ga Karate na ƙwari, ga mankozeb na cutar ganye, ga maganin ciyawa da ake kira kondem. Ƙasar ba ta hutawa.

Ita kuwa ƙasa rayayya ce. Cokali ɗaya na ƙasa mai kyau yana ɗauke da miliyoyin ƙananan halittu. Tuge gyaɗa ko wake ka duba ƙululun da ke jikin saiwa: gidan bakteriya ne masu zuƙo sinadarin naitirojin daga iska su ciyar da shuka kyauta. Akwai kuma fungas masu manne wa saiwa suna jawo mata ruwa da fosfaras. Maganin da aka haɗa don ya kashe fungas bai san mai cuta da mai amfani ba. Wasu magungunan ƙwari kuma har tana suke illatawa. Idan waɗannan ma'aikata suka ragu, sai manomi ya ƙara taki, ya ƙara feshi, yana cewa ƙasa ta gaji.

Mafi muni shi ne wanda ba a ko zancensa. Takin da waɗannan lambuna suka dogara da shi kashin kaji ne. Masu kiwo suna zuba wa kaji antibayotik irin su oksitetrasaiklin a ruwan sha, kuma kaso mai yawa yana fita ta kashi da ƙarfinsa. In ya shiga ƙasa, raunanan bakteriya su mutu, masu taurin kai su yaɗu, har su miƙa wa wasu wannan taurin. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba. Alhali daga bakteriyar ƙasa aka samo sitireftomaisin a 1943, maganin farko da ya yi tasiri kan tarin fuka.

Za a ce manomin talaka ne, in bai fesa ba tsutsa ta cinye jarinsa. Gaskiya ne. Wanda yake noma a filin da ba nasa ba, ana iya korarsa gobe, ba zai damu da lafiyar ƙasa nan da shekara goma ba. Amma wa ke tura shi? Mu ne, da muke ture kabeji a Kasuwa Mamudu saboda huda ɗaya, muna neman mai sheƙi a kan waakye, wato shinkafa da wake.

Hukumar EPA da ke yi wa magungunan feshi rajista ta riƙa bin su har gona, ta auna ƙasa. Malaman gona su koya wa manoma tara kashin kaji ya ruɓe sosai kafin a zuba, a kuma riƙa sauya latas da wake. A daina sayar da maganin kaji kamar alewa. Mu kuma masu saye mu saba da ganye mai huda, domin binigar ɗinmu ba ya kaiwa inda cutar take.