Inji na kuka, gareji na cewa "mafi mushkila"

Ku tsaya a danjar Titin Salwa a Doha da yamma ku kasa kunne. Samarin nan masu akwatin abinci a bayan babur, 'yan Nepal da Uganda da Kenya da namu na Najeriya, da yawansu injinansu kuka suke yi, kas-kas-kas. Babu mai ji sai wanda ke kai, shi kuwa ba shi da ta cewa, don babur ɗin na kamfanin da ya ɗauko shi ne.

Wani yaron unguwarmu daga Fagge yana wannan aiki. Ya ji baƙuwar ƙara, ya kai babur garejin kamfaninsu a Sana'iyya. Bakaniken ko tada injin bai yi ba. Ya canza fulogi, ya buga sirdi da tafin hannu, ya ce "mafi mushkila, yalla", wato babu matsala, a tafi. Ba a jima ba inji ya buga a hanyar Wakra, aka ce sakacin yaron ne, za a cire a albashinsa. Wane albashi? Mafi ƙarancin albashi a Qatar tun watan Maris na 2021 riyal 1,000 ne, sai 500 na ɗaki da 300 na abinci idan kamfani bai bayar ba. A nan za a zabtare kuɗin kiranshaf? Wannan ai zalunci ne tsagwaronsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, gano irin wannan ƙara ba ya bukatar kwamfuta. Yaron bakanike a Ƙofar Ruwa ya san yadda ake yi: ka ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin inji, ka kafa kunne a ƙotarta, ka bi wuri-wuri. Siririyar ƙara daga saman kan inji, mai bin gudun inji sau da ƙafa, galibi tafet ne ya buɗe, gyaran 'yan mintoci. In kacau-kacau ce daga gefe, a duba sarkar taimin da abin da ke ɗaure ta. Wadda ke tashi da sanyin safiya ta lafa idan inji ya ɗumama, fistin ne ya yi lako-lako. Ka matse kuloci ƙarar ta ɗauke? To, can matsalar take. Wani lokaci ma ƙusar marfin salansa ce kawai ta kwance, kowa ya yi dariya a tashi. Amma bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa idan an murɗa totur da kaya, wannan a kashe inji nan take, a tsiyaye baƙin mai a faranti a duba a rana. In ka ga ɓurɓushin ƙarfe na ƙyalli, konrod ne ke cin kansa.

Yaron namu bugun nan na ƙasa ya ji, kuma ya faɗa.

Kada wani ya ce mini zafi ne. Eh, iska ce ke sanyaya waɗannan ƙananan injina, kuma iskar Doha a Yuli da Agusta takan haura digiri 40, mai ya tsinke, ƙura ta toshe matatar iska. To ai dalilin ƙara lura ke nan! Hukuma ta san zafin yana kisa, shi ya sa ta hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, har da kai saƙo a babur. An kyauta. Amma ƙarfe huɗu na yi, injin da ke daf da cijewa zai hau titi da ɗan mutane a kai, ga manyan motoci a bayansa. Tayar baya ta ƙame a wannan gudu, wa zai kai wa uwarsa labari?

Ku masu kamfani, ku ba kowane mai babur takarda mai kwanan wata duk ranar da ya kawo ƙorafi, bakanike ya rubuta abin da ya ji da abin da ya gyara, ya sa hannu. Ku kuma ƙannena, kafin ku miƙa makulli ku ɗauki ƙarar a waya, ku tura wa mai kula da ku ta WhatsApp, don a Ma'aikatar Ƙwadago hujja za a tambaye ku.