Kada mu zaunar da tsofaffinmu

Akwai wani ladabi da muke yi ma iyayenmu wanda cuta ce a gare su. Da zarar tsoho ya fara jan ƙafa, sai ƴaƴa su karɓe mashi hauya, su karɓe ma tsohuwa mazari, su ce: "Baba, zauna ka huta." Ni a ganina wannan hutu shi ke gaggauta kwanciyarsu.

Ga dalili. Ƙafa ba ta tafiya sai da umurnin ƙwaƙwalwa. Cikin kan mutum akwai ƙwayoyin jijiya wajen miliyan dubu 86, haɗe da juna ta waɗansu zarurruka masu rufin kitse, kamar wayar lantarki cikin robarta. In shekaru sun ja, rufin nan yana zaizayewa, saƙo ya riƙa jinkiri tsakanin ido da kunne da ƙafa. Tafiyar da yaro ke yi ba tunani, tsoho sai ya tattara hankalinsa duka a kanta. A 1997 waɗansu masu bincike na ƙasar Suwidin sun lura cewa tsofaffin da ke tsayawa cik in an yi masu magana suna cikin tafiya, su suka fi faɗuwa a watannin da suka biyo. Ku duba gidajenku, za ku ga haka. Faɗuwa kuwa ba wasa ba ce: tsohon da ya karye a ƙugu, sau da yawa ba ya sake tashi.

Amma hanyar da ake bi ba ta saurin toshewa. Zuwa masallaci da ƙafa, ruku'u da sujada, kaɗi, saƙar tabarma, ɓarar gujiya, duk motsa jijiyoyin nan suke. A rage ma tsoho nauyin aiki, a ba shi sanda, amma kada a raba shi da aikin.

Sauran magana ta hukuma ce. Hawan jini yana lalata ƙananan hanyoyin jini da ke ciyar da zarurrukan nan, shekara da shekaru, mutum bai sani ba. Awonsa ba ya cin minti 5. Me zai hana a riƙa auna duk dattijon da ya shiga gidan likita, daga Tawa har Damagaram, ko da rakiyar jika ta kawo shi? Wanda kuma hannunsa ke makyarkyata yana zaune, kada a ce sammu ne: a kai shi ga likita, don cutar Parkinson tana da maganin da ke sassauta ta.