Kafin 'yan gwangwan su gama da fijon Kaduna

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Illela, hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Kware da Gwadabawa ba ta samun hutu. Shekaru talatin zuwa arba'in da suka wuce, fijo ce sarauniyar wannan hanya: 404 akori-kura ɗauke da buhunan gero da albasa, 504 wagon cike da fatake masu tsallakawa Birnin Konni, sai salun ta ma'aikatan gwamnati da jami'an kwastan. Yau Golf da Sharon da Hiace sun karɓe tasha. Fijon da suka rage an tura su hanyoyin ƙauye irin na Gidan Katta, suna dakon kayan gona har ƙarfinsu ya ƙare, wasu kuma na zube a bayan gareji, taya ta nutse a yashi.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Ɗan gwangwan ya zo da sikeli da guduma, a yi ciniki a kan kilo, a daddatsa motar, a loda ta a babbar mota zuwa inda ake narka ƙarfe. Ba wanda zai zargi mai mota don ya sayar, domin yana da iyali. Amma abin da ake narkarwa ya wuce tsohon ƙarfe. Mota ce da aka harhaɗa a Arewa da hannun 'yan ƙasa, kuma irinta ce ta yi zarra a manyan tseren motoci na Afirka. Kamata ya yi a ceci wasu, a mayar da su yadda suka fito daga kamfani, a dawo da su kan hanya a gasa mai ƙa'ida.

Matasa da yawa ba su san fijo ta taɓa cin kofi ba. A tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda direbobi ke tsoro saboda taɓo da duwatsu, 404 ta zo ta ɗaya a 1963, 1966, 1967 da 1968. Ƙanwarta 504, wadda ta fito a 1968, ta ɗora daga nan. A 1975 kaɗai ta ci Safari a hannun Ove Andersson, ta ci tseren Maroko a hannun Hannu Mikkola, ta kuma ci na Bandama a Kwaddibuwa. A 1978 504 mai ƙofa biyu ta sake cin Safari a hannun Jean-Pierre Nicolas. Har ƙasar Hausa ta ga irin wannan gasa da idonta: tseren 1974 da ya taso daga Landan ya ƙare a Munich ya keto Sahara ya shigo Kano kafin ya juya arewa. Citroën ce ta zo ta ɗaya, amma 504 ce ke biye da ita, kuma mata biyu Faransawa ne a cikinta.

A shekarar da 504 ke cin kofuna uku, wato 1975 a zamanin Janar Yakubu Gowon, kamfanin fijo na Kakuri a Kaduna ya fara fitar da motoci. Ta jirgin sama ake ɗauko kayan haɗi daga Lyon zuwa Kano, sannan a wuce da su Kaduna. Kuɗin ƙarin albashi na Udoji sun shiga hannun ma'aikata a daidai lokacin, daga baya gwamnatin Obasanjo ta soja ta mayar da 504 motar manyan jami'ai. Turai ta daina ƙera salun ɗin a 1983, amma Kaduna ta ci gaba sama da shekara ashirin bayan haka. Ƙasashe kaɗan ne a duniya suka fi Najeriya haƙƙin kiran wannan mota tasu.

Inda ake ɗaukar tsofaffin motocin tsere da muhimmanci, ba a barin kowa ya yi yadda ya ga dama. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, tana da kundin dokoki na musamman, kuma tana bai wa motar da ta cancanta fasfo mai bayyana injinta, giyarta, burkinta da nauyinta kamar yadda aka amince da su a zamanin da ta yi tashe. Wanda ya ɗora sabon inji mai kwamfuta a cikin bodin 1970 ba zai sami wannan takarda ba, komai kyawun fentinsa. A Goodwood da ke Ingila, tun 1998 ake taruwa kusan duk shekara ana tseren motocin da suka yi zamani tsakanin 1948 da 1966. Kenya ta farfaɗo da Safari na tsofaffin motoci a 2003. Tseren Dakar, wanda tun fitowarsa ta farko a ƙarshen 1978 ya ratsa Agadas da Yamai, ya buɗe rukunin tsofaffin motoci a 2021 bayan ya koma Saudiyya.

A nan ne aikin yake da wuya a wajenmu, kuma a nan yake da daɗi. Da ƙyar za a sami 504 a yankin Illela da ba a taɓa ta ba. Bakaniken bakin iyaka gwani ne wajen sa mota ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta: ya ƙara ganyen sifirin a akori-kura, ya ɗaga bayan wagon, ya sauya kafireta da ta wata mota, ya kawo lagireto mai girma, wani lokaci ma ya cire injin gaba ɗaya ya sa na Japan. Wannan dabara ce ta ciyar da gidaje, kuma ba abin rainawa ba ce. Sai dai mai son mayar da mota asalinta dole ya bi sawun waɗannan sauye-sauye ɗaya bayan ɗaya yana warwarewa. Zai nemi injin 504 na ainihi mai silinda huɗu, mai kusan lita biyu, da kafiretar Solex, da giyabos mai giya huɗu. Zai duba lambar da ke jikin shasi ya gwada da takardun mota. Fanalbita zai yanke inda tsatsa ta ci, ya yi walda da ƙarfe mai kauri ɗaya, ba ya cika ramin da fila ya shafe da fenti ba. Mai rewaya zai zare wayoyin da aka yi ta ƙullawa shekara da shekaru ya shimfiɗa sababbi bisa tsarin kamfani. Abin da kawai ya halatta a ƙara shi ne na kare rai: ƙarfen kariya a cikin bodi, bel mai ƙarfi, da tukunyar kashe gobara.

Ma'aunin kuma ya zama na Kaduna. Motar da za a kira ta asali a Sakkwato ita ce wadda ta yi daidai da abin da ya fito daga Kakuri, da launukansa da kujerunsa da tsayinsa daga ƙasa.

Wani zai ce wannan shagalin masu kuɗi ne, a yankin da 'yan bindiga suka hana noma a wurare da dama, kuma man fetur ya yi tsadar da direba ke lissafin kowace lita. Maganar tana da nauyi, musamman a Illela, inda rufe iyaka a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya durƙusar da sana'o'i. To amma a duba inda kuɗin gyaran mota ɗaya ke zuwa. Yana shiga aljihun bakanike, fanalbita, mai fenti, mai ɗinkin kujera, mai walda da yaransu, da 'yan kasuwar kayan gyara na Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Attajirin da ke iya sayen jif daga Dubai, da ya kashe rabin kuɗin wajen tayar da 504 ta mahaifinsa, da kusan duk abin da ya kashe ya tsaya a gida.

Fagen gasar ma akwai shi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934, ya daɗe yana tafiya da tseren motoci, kuma a 2020 an tayar da ayarin daga Abuja da motocin da aka harhaɗa a Najeriya, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ke shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa. Ba abin da zai hana a ƙara rukunin motocin da suka haura shekara talatin. Ba sai an yi gudun fanfalaki ba. Tsarin da Dakar ke bi da tsofaffin motoci ya fi dacewa: a ba direba nisa da lokaci, wanda ya fi kiyaye lokacin shi ya ci. Hakan ya rage haɗari, ya kuma rage lalata motar da aka sha wahalar gyarawa. Idan tsaro ya inganta, zango daga Illela zuwa Sakkwato, washegari zuwa Argungu, zai jawo masu fijo daga Konni da Tawa da Maraɗi, domin su ma da ita suka tashi.

Najeriya ta nuna tana iya adana mota idan ta so. Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta a 1976 tana nan a gidan tarihi na Legas. Fijon talakawa ba ta sami wannan gata ba. Abin da ya fi gaggawa shi ne mutanen. Kanikawan da suka koyi aiki a kan 404 da 504, waɗanda ke saita kafireta da kunne, su gane ciwon inji daga ƙararsa, sun tsufa, yaransu kuma sun koma gyaran babur da Golf saboda can aiki yake. Makarantun koyon sana'a na jihar Sakkwato za su iya ɗaukar biyu ko uku daga cikinsu, a sayo musu 504 guda daga bayan gareji kafin ɗan gwangwan ya riga su, ɗalibai su kwance ta har ƙusa ta ƙarshe su sake haɗawa a gaban malaman, ana rubuta kowane mataki da Hausa.