Kada Ku Jefar Da Tsohuwar Kwamfutar Gidanku

Makon jiya wani ɗan uwa daga Tsafe ya yi tambaya a wannan zaure: wace manhaja zai sa wa tsohuwar kwamfutar gidansu don ya haɗa kiɗan da zai raka waƙoƙinsa? Amsoshin da aka ba shi kusan duka iri biyu ne. Wasu suka ce ya haƙura sai ya sayi sabuwar laftof, wasu suka ce ya kai ta kasuwa a zuba masa FL Studio ta sata. Ni dai a ganina, duk ɓangarorin biyu sun cuce shi, kuma zan faɗi dalili.

Bari in fara da masu shawarar sata, don wannan wutar ta taɓa ƙona ni. Ina shekarar ƙarshe ta difloma na ɗauki kwamfutar babanmu, mai Windows 7 da RAM giga 2, na kai wa wani mai gyara a Gusau. Ya karɓi kuɗina, ya sa mini manhajar da aka fasa makullinta. Kwana uku tana aiki, a na huɗu duk fayilolina suka ƙi buɗewa. Cikinsu har da labarin da na yi wata 8 ina rubutawa, ba ni da kwafinsa ko'ina. Sannan akwai abin kunya. Mu ne kullum muke kuka a nan cewa ana kwafe littattafanmu ana rabawa a WhatsApp ba izini. To da wane baki za mu ce a saci gumin wani kamfani a Beljiyam? In za ka faɗi, faɗi gaskiya: ɓarawon manhaja da ɓarawon littafi uwarsu ɗaya.

Su kuma masu cewa a jira laftof, sun manta cewa jiran gawon shanu ne. Nawa ne cikinmu ke da kuɗin sabuwar na'ura a wannan tsadar? Alhali akwai manhajoji na halak, na kyauta, da ba su da nauyi. Audacity tun shekarar 2000 take, aikinta ɗaukar murya, yankewa, da share hayaniyar janareta ko kukan akuya da ya shiga bayan karatunka. LMMS kuwa da ita ake jera kiɗa, kuma tsarinta ya yi kama da na FL Studio ɗin da ake ta kwaɗayi. Mai son rubuta kiɗa da alamominsa a takarda ya nemi MuseScore, sai dai zubi na 4 da ya fito a 2022 yana buƙatar Windows 10 ko sama da haka, don haka mai tsohuwar na'ura ya ɗauki zubi na 3. REAPER ba kyauta ba ce, amma ƙarama ce ƙwarai, kuma suna ba da kwana 60 na gwaji kafin a biya dala 60.

Duk waɗannan, da zarar ka sauke su daga shafinsu na asali, ba sa neman intanet. Wanda ya zauna a Zamfara a watan Satumba na 2021, lokacin da aka datse layukan sadarwa, ya san darajar kayan aikin da ba ya jiran sabis.

Na san za a ce tsohuwar na'ura tana saɓewa. Gaskiya ne, kuma ba zan yi muku ƙarya cewa za ta yi gogayya da situdiyon Kano ba. Amma saɓewar tana da dalili: kowane kayan kiɗa da ka buɗe yana cin rabonsa na RAM. In ka gama layi ɗaya, mayar da shi fayil ɗin sauti, ka rufe shi, sannan ka buɗe na gaba. Kashe duk wata manhaja da ba ka amfani da ita. Tunda Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, raba kwamfutar da intanet. Ka riƙa adana aikinka kowane lokaci saboda ɗaukewar wuta, kuma ka ajiye kwafi a filasha.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ko an ba mu na'ura ta miliyan, me za mu zuba a ciki? Ku saurari karatun littattafanmu da ke YouTube: yawanci ƙarƙashinsu kiɗan fim ɗin Indiya ne, ko fiyanon nan guda da kowa ke dannawa. Wannan a ƙasar da ta haifi Salihu Jankiɗi na Rawayya a yankin Bunguɗu, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, da Musa Ɗanƙwairo Maradun, da Sa'idu Faru! Kalangu yana bin hawa da saukar muryar Hausa, makaɗi na matse tsarkiya sauti ya lanƙwashe kamar magana. Maɓallin fiyano a tsaye yake, shi ya sa baitinka ke fita kamar an sa masa rigar aro.

Makaɗan nan ba su ƙare ba, suna nan a gidajen biki da fadoji. Je ka sami ɗaya da girmamawa, ka nemi izininsa, ka biya shi haƙƙinsa, ka ɗauki bugunsa da wayarka a ɗaki mai shiru. Ka tsabtace a Audacity, ka jera a LMMS, ka ɗora muryarka. Wannan aikin kwamfutar babanmu tana yin sa har gobe.

Don haka ɗan uwa na Tsafe, share mata ƙura ka kunna ta. Sauran 'yan zaure kuma ga ƙalubale: kafin Juma'a mai zuwa kowa ya ɗora minti 1 na baitinsa da kiɗan da ya haɗa da hannunsa, ko da tafi ne da bugun ƙwarya. Wanda bai yarda da ni ba, ina jiran hujjarsa a ƙasa.