Rabin Dahuwa Shi Ne Aikin Filash A Injin Buga Riguna

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a ƙasar nan, ko kuwa makarantu suka shiga shirin wasannin motsa jiki na shekara, masu buga riguna ba su samun barci. Daga Shomolu da Mushin a Ikko har zuwa Aba da Kano, injuna na juyawa dare da rana, ana fitar da riguna dubbai masu ɗauke da hoto ko sunan ƙungiya. Amma sau da yawa murnar wanda aka ba rigar ba ta wuce wanki biyu. Rubutun ya tsattsage ya fara zuba kamar ɓawon gyaɗa, ko kuwa farin harafi a kan jar riga ya rikiɗe ya koma ruwan hoda. Jama'a kan ɗora laifin a kan tawada, su ce ta jabu ce. Alhali kuwa galibi tawadar ba ta da laifi, zafi ne ba a ba ta yadda ya kamata ba.

Kafin a gane wannan, tilas a san yadda injin yake. Injin buga riguna mai sarrafa kansa yana da hannuwa da yawa da suka fito daga tsakiya, kowane hannu yana ɗauke da allo inda ake shimfiɗa riga. Alluna na zagayawa daga tasha zuwa tasha. A kowace tashar bugu akwai rariya mai ɗauke da zanen launi guda, da wata roba mai matse tawada ta ratsa rariyar ta sauka a kan riga. Asalin wannan dabara ta juyi daga Amurka take, inda wani mutum mai suna Michael Vasilantone ya sami takardar mallakar ƙirƙirarta a 1969. A yau kamfanoni irin su M&R na Amurka da ROQ na Fotugal da MHM na Ostiriya suna ƙera injunan da ke buga riguna ɗaruruwa cikin awa guda.

To, tawadar da aka fi amfani da ita a wannan sana'a ita ce filastisol, wadda ba ta yi kama da tawadar allo ko fentin ɗaki ba. Garin roba ne aka dama da wani mai, saboda haka ba ta bushewa da iska, ko da za ta kwana bakwai a buɗe. Wuta kaɗai take ji, kuma tana da matakai biyu. Idan zafinta ya kai kimanin digiri 115 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyos, sai ta daskare, a taɓa ta ba ta kama yatsa ba, amma ba ta nuna ba tukuna. Sai ta kai kimanin digiri 160, daga samanta har ƙasanta, sa'an nan robar ta narke ta haɗe ta kama zaren riga kamun da wanki ba ya ɓamɓarewa. Tsakanin waɗannan matakai biyu ne ribar mai bugu da asararsa suke.

A nan ne na'urar gashi, wadda ma'aikata ke kira filash, take shigowa. Idan za a buga launi mai haske a kan baƙar riga ko shuɗiya, sai an fara shimfiɗa farar tawada a ƙasa, in ba haka ba duhun rigar zai cinye launin. Wannan fari kuwa ba za a ɗora masa wani launi yana ɗanye ba, domin zai manne wa rariya ta gaba ya damalmale zanen. Saboda haka ake cire rariya daga tasha guda a kafa filash a gurbinta. Allo ya iso ƙarƙashinta, ta watsa masa zafi na 'yan daƙiƙu, farin ya daskare, allo ya wuce. Aikinta ke nan, watau rabin dahuwa. Cikakkiyar dahuwa aikin babban tanderu ne mai bel, wanda ake jefa riga cikinsa bayan an gama dukan launuka.

Filash iri biyu ce. Akwai mai faranti, wadda ke ɗaukar mintoci kafin ta yi zafi, kuma in an kunna ta sai ta wuni tana cin wuta ko da riga ko babu. Akwai kuma mai dogayen fitilu na gilashin kwaz, wadda ke kamawa nan take idan allo ya iso, ta mutu idan ya wuce. Ta biyun ta fi tsada wajen saye, amma ita ta dace da injin mai sarrafa kansa. A Nijeriya wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin na'ura ce mai jan kilowat masu yawa. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin lantarki na masu rukunin farko daga naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, wanda kuma ba ya samun wutar sai ya dogara da janareto da man dizal. Duk daƙiƙar da na'urar ta yi tana gasa iska, daga aljihun mai ɗab'i take fita.

Kuskure na farko da ake yi shi ne ƙarancin gashi. Mai gaggawa ya rage lokaci don injin ya yi sauri, farin bai daskare ba, sai ya riƙa kama bayan rariya ta gaba, a tsaya ana gogewa, sauri ya haifi nawa. Kuskure na biyu ya fi wannan muni domin ba a ganinsa a shago, shi ne wuce gona da iri. Idan filash ta dafa farin gaba ɗaya, fuskarsa takan yi santsi da ƙyalli, launin da aka ɗora masa ba zai haɗe da shi ba, zai zauna ne kurum a kai. Riga ta fita tsaf abin sha'awa, amma da ta shiga ruwa sai launin sama ya fara ɓarewa. Bugu da ƙari, zafin da ya yi yawa yakan babbaka auduga ta yi rawaya, yadin roba kuma ya tsuke.

Yadin roba, watau foliyesta, wanda da shi ake ɗinka yawancin rigunan ƙwallo, yana da tasa fitinar daban. Rinin da ke jikinsa yakan tashi ya zama tururi tun kafin zafi ya kai digiri 160, ya ratsa cikin farar tawada ya rine ta. Wani lokaci ba a ganin ɓarnar sai bayan kwanaki, riguna na cikin kwali ko sun riga sun isa hannun mai su. Maganin wannan shi ne a rage wutar filash, a nemi tawada mai tare rini, ko irin wadda ke nuna a wajen digiri 130 zuwa 140.

Akwai kuma abin da sabon shiga ba ya lura da shi, watau allunan da kansu suna ɗaukar zafi. Da safe suna da sanyi, su kan shanye wani kaso na zafin da aka yi nufin tawada ta samu. Bayan awa guda kuwa sun yi zafi, daƙiƙun da suka yi daidai da hantsi sun zama ƙuna da azahar. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Saboda haka gogaggen ma'aikaci yakan zagaya da alluna babu riga ƙarƙashin filash har su ɗumama kafin a fara aiki, sa'an nan ya riƙa rage lokaci yayin da rana ke ɗagawa. Yakan kuma bar tasha guda fayau bayan filash domin riga ta huce, gama filastisol mai zafi yana da danƙo ko da ya daskare. Ma'anar wannan ita ce kowace filash tana cin tasha biyu. Mai injin da ke da tashoshin bugu takwas, in ya kafa filash guda, launi shida kaɗai ya rage masa, kuma farin ƙasa yana cikinsu. Ya kamata mai shirin sayen inji ya yi wannan lissafi tun kafin ya biya kuɗi.

Babban abin takaici shi ne masu mai da filash tanderu. Don gudun kuɗin wuta, wasu kan ƙi kunna tanderun, su bar riga ta daɗe ƙarƙashin filash su ce ta nuna. Amma zafin filash daga sama yake zuwa, tsakiya ta fi gefe samu, kuma ma'aunin zafi na hannu da ake haskawa fuskar tawada kawai yake karantawa, bai san abin da ke ƙasa ba. Sama ta ƙone, ƙasa ɗanye, kamar naman da aka ɗora a kan harshen wuta. Ban da wannan akwai hatsarin gobara, domin idan inji ya tsaya alhali allo yana ƙarƙashin faranti mai zafi, riga da gam ɗin da ke riƙe da ita suna iya kamawa, a cikin shagon da ke cike da tufafi da burbushin auduga.

Wanda zai ba da kwangilar riguna, shugaban makaranta ne ko sakataren ƙungiya, yana da hanyar kare kuɗinsa ba tare da ya san inji ba. Ya nemi riga guda ta gwaji kafin a buga sauran. Ya ja wurin rubutun da hannu biyu, in tawadar ta nuna za ta miƙe tare da yadi ta koma, in ba ta nuna ba za ta tsage. Sa'an nan ya sa a wanke rigar sau uku ko huɗu da sabulu, ya ajiye ta 'yan kwanaki ya ga ko farin zai sauya. Ya kuma tambayi mai bugun ko yana da tanderu, ya ce a nuna masa shi yana aiki. Mai sana'ar kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba, domin ya san rigar da ta fita daga shagonsa za ta yi shekara tana yawo a gari da sunansa, ko na yabo ko na zargi.